Babi Na Shida: Komawa Kan Taya Bayan An Girma

Daga cikin wasannin da mutanen Turai da Amurka suke tasowa da su, sa'an nan su watsar da zarar hidimar duniya ta hau kansu, babu wanda ake komawa gare shi da tsoro da marmari a haɗe kamar zamiya da takalmi mai taya. Gama wanda ya bar ƙwallo shekara ashirin ya dawo, iyakar abin da zai same shi haki ne da ciwon cinya, amma wanda ya ajiye takalmin taya shekara ashirin, ranar da ya sake ɗaura shi, ƙasar da ya amince da ita tun yana rarrafe ita ce za ta fara zame masa, a bainar jama'a kuwa, ga kiɗa yana tashi, ga fitilu masu launi suna kewaya bango. Galibi inda wannan komowa take faruwa shi ne zauren da ake kira diskon taya, watau wani makeken ɗaki mai sumul ɗin daɓen katako, inda mai saka faifai yake zaune a lungunsa yana sako waƙoƙi, jama'a kuwa suna kewaya daɓen, kowa yana bin kiɗan gwargwadon abin da Allah ya hore wa ƙafarsa. Abin da ya dame ni game da wannan al'amari abu uku ne da suka sarƙe da juna: me mutum yake tararwa a jikinsa in ya koma, me ya sulale masa bai sani ba, su wane ne kuma suka tsare masa wurin har ya sami inda zai koma.

Wajibi ne a fara da takalmin kansa, domin wanda bai san yadda aka ƙera shi ba ba zai gane abin da yake nema daga mai hawansa ba. Mutumin da aka fi jingina wa ƙago shi shi ne John Joseph Merlin, wani gwanin ƙere-ƙere haifaffen garin Huy na ƙasar Beljiyam ta yau, wanda ya zauna a Landan yana ƙera agogo da kayan kiɗa. An ruwaito cewa cikin shekarun 1760 ya shiga wani taron biki na manyan gari a gidan Carlisle da ke dandalin Soho, yana tafe bisa takalmi mai ƙananan tayoyin ƙarfe, yana kuma kaɗa goge irin na Turawa. Da yake bai tanadi dabarar juyawa ko ta tsayawa ba, sai ya zarce ya afka wa wani madubi da aka ƙiyasta kuɗinsa ya haura fam 500, madubi ya tarwatse, goge ya karye, shi kuma ya ji mummunan rauni. Mutane sukan ba da labarin don a yi dariya, alhali kuwa a cikinsa akwai mas'alar da ta gagari maƙera har kusan shekara ɗari bayansa, watau cewa miƙewa gaba a kan taya abu ne mai sauƙi, juyawa da tsayawa su ne aikin. Wani mai suna Petitbled ya yi wa nasa takalmin rajista a Faransa a 1819, Robert John Tyers ya yi wa nasa mai taya biyar a Landan a 1823, amma dukansu a layi ɗaya suka jera tayoyin, suna kwaikwayon ƙarfen da ake zamiya da shi a kan ƙanƙara, saboda haka ba mai iya sarrafa su sai ƙwararre.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne James Leonard Plimpton, wani ɗan kasuwar kayan katako a birnin New York, a shekarar 1863. Ya sa taya huɗu, biyu gaba biyu baya, kowane biyu a kan ƙarfe guda da ke zaune bisa ɗan matashin roba. In mai hawa ya karkata nauyinsa hagu, sai robar ta danne ta wannan gefe, ƙarafan biyu su ɗan juyo suna fuskantar juna, takalmin ya yanki da'ira da kansa ba tare da an ɗaga ƙafa ba. Hikimar ke nan gaba ɗaya, kuma har yau a kanta ake tafiya. Plimpton bai tsaya ga ƙira ba: ya kafa ƙungiyar masu zamiya a New York, ya buɗe zaure a wani otal a garin Newport a 1866, ya riƙa ba da hayar takalman maimakon sayar da su, har cikin shekarun 1870 abin ya haye Ingila ya zama yayi. A 1876 aka zo da ɗan dunƙulen roba da ake kafawa a ƙarƙashin yatsu don birki, a 1884 kuma Levant Richardson ya sa wa tayoyin boris, suka ƙara santsi da sauri. To, ga abin lura: tun da karkata ce take juya takalmin, ashe ba a sarrafa shi da ƙarfi, sai da yarda. Dole mutum ya saki nauyinsa zuwa gefen da hankalinsa ke gaya masa zai faɗi, sa'an nan takalmin ya ɗauke shi. Yaro yakan ba da wannan yarda a banza. Babba kuwa sai an yi ciniki da shi.

Na taɓa zama a benci a irin wannan zaure a kudancin Landan, a daren da aka keɓe wa manya, na ga wata mata da shekarunta za su kai hamsin ta shigo da kayan aikinta a jiki, alamar daga ofis ta wuto. Ta miƙa takalminta a wurin karɓa, aka ba ta na haya, irin mai tauri ɗin nan da aka rubuta lambarsa a dunduniya, ta zauna ta ja igiyar tun daga yatsu har idon sawu, ta kwance, ta sake ja, yatsunta suna ɗan rawa. A kan kafet ta miƙe lafiya, domin kafet yana riƙe taya. Amma da ƙafarta ta dama ta sauka kan katako, sai ta tafi ta bar ta hagu a baya, matar ta cafki ƙarfen da ya kewaye daɓen da hannu biyu, gwiwoyi a sandare, idanu a kafe kan ƙafafu, tana takawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu-yanzu. Can sai ga wani dattijo daga cikin masu tsaron daɓe, gemunsa fari, usur rataye a wuyansa, ya sulalo da baya-baya ya tsaya gabanta, ya miƙa mata hannuwansa biyu a buɗe ba tare da ya taɓa ta ba, ya ce, "Baiwar Allah, ɗago kanki, ki dubi inda za ki. Saki gwiwa. Ƙara saki. Yauwa, kada ki taka, ki tura gefe." Ta ce masa rabonta da wannan abu tun tana makarantar sakandare. Ya ce, "To ai kin iya ke nan, ki bar ƙafar ta yi aikinta." Waƙa ta ƙare, wata ta shigo, ta saki ƙarfen da hannu ɗaya, daga baya ta saki duka. Kafin dare ya raba, ina kallo ta iso kwana, sai ƙafarta ta dama ta ɗaga ta haye ta gaban ta hagu ta sauka daidai, irin ketarawar nan da gwanaye suke yi don kada saurinsu ya ragu a kwana. Ita da kanta ta duba ƙasa da mamaki, domin ba ta umarci ƙafar da yin haka ba.

Wannan abin da ya ba ta mamaki, malamai sun daɗe da saninsa. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya bayyana cewa gwaninta tana samuwa ne ta maimaita aiki: in aka yi aikin karo na farko yakan bar wata alama a cikin mai yin sa, in aka maimaita alamar ta zama hali wanda bai riga ya kafu ba, in aka ci gaba da maimaitawa sai ta zama malaka, watau sifa tabbatacciya wadda cire ta yake da wuya. Da wannan ya fassara yadda ɗinki da sassaƙa da ma fasahar harshe suke zama a jikin mutum. Likitocin ƙwaƙwalwa sun zo sun tabbatar da haka ta wata hanya mai ban tausayi. A 1953 aka yi wa wani saurayi Ba'amurke mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa wani sashe daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai sake iya riƙe sabon labari ba, wanda ya gaisa da shi da safe in ya dawo da rana baƙo ne. Wata masaniya daga Montreal, Brenda Milner, ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana duban hannunsa ta cikin madubi kawai, abin da yake rikita kowa da farko. Kullum sai ya ce bai taɓa ganin wannan aiki ba, kullum kuwa hannunsa yana ƙara ƙwarewa, har cikin kwana uku ya iya. Daga nan aka fahimci cewa ajiyar labari daban, ajiyar motsi daban, kuma ta motsi tana da nata mazauni a can ƙasan ƙwaƙwalwa da wajen ƙeya, inda mantuwa ba ta cika kaiwa ba. Saboda haka matar nan mai yiwuwa ta manta sunan zauren da ta koya, ta manta wanda ya koya mata, amma ketarawar kwana tana nan inda ta ajiye ta.

Sai dai fa malakar ta dawo ne ta tarar da wani jiki ba wanda ta bari ba, kuma a nan ne haɗarin yake. Yarinya 'yar shekara goma gajeriya ce, ba ta da nauyi, in ta faɗi tazarar da ke tsakaninta da ƙasa kaɗan ce, ƙashinta kuma yana da ɗan lanƙwasa. Babba ya fi tsawo, ya fi nauyi, ga takalmin ya ƙara ɗaga shi, ƙashi kuwa yakan kai matuƙar ƙarfinsa ne wajen shekara talatin, daga nan ya fara raguwa sannu a hankali, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Daidaiton mutum a tsaye yana dogara ne ga abu uku da suke aiki tare, ido, da wani ruwa da ke cikin kunne, da jijiyoyin gaɓoɓi masu sanar da ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take. Dukansu kuwa shekaru da zaman kujera suna dushe su. In mutum ya ji zai faɗi, ɗabi'a takan sa ya miƙa tafin hannu ya tare ƙasa, shi ya sa karayar da ta fi yawa a wannan wasa ita ce ta wuyan hannu, irin wadda likita Abraham Colles na Dublin ya siffanta tun 1814. Don haka darasin farko da malamin kirki yake koya wa babba shi ne faɗuwa: in ka ji ta zo, ka durƙusa, ka rage tsawonka, ka tafi gaba bisa matashin gwiwa, kada ka tafi ta baya inda ƙarshen ƙashin baya da ƙeya suke, in ka isa ƙasa ka dunƙule yatsunka kada tayar wani ta bi ta kansu, in za ka tashi ka kafa gwiwa ɗaya, ka dafa cinyarka, ka miƙe. Abin kariyar wuyan hannu ba ado ba ne, hular kwano ma ba abin kunya ba ce. Hatta tayoyin sai an zaɓa: masu taushi, waɗanda ake rubuta wa lamba irin 78A, na kwalta ne da tsakuwa, masu tauri kuwa, daga wajen 95A zuwa sama, su ne na daɓen katako, wanda ya shiga zaure da masu taushi zai ji suna manne wa ƙasa suna gajiyar da shi. Kashegari kuma tafin ƙafa da ƙwauri da gadon baya za su yi ciwo, wannan ba makawa.

Duk da haka ba karaya ce take hana yawancin manya komawa ba, kunya ce. Mutum ya shekara talatin yana gina mutuncinsa, ana gaishe shi a wurin aiki, 'ya'yansa suna ganin babu abin da bai iya ba, sa'an nan a ce ya je ya zube ƙasa warwas a gaban baƙi? Ba zan raina wannan kunya ba, domin tushenta mai kyau ne. Malaman hadisi da na fiƙihu sun yi dogon bayani kan muru'a, har suka lissafa abubuwan da suke zubar da ita, kamar cin abinci a tsakiyar kasuwa ga wanda ba al'adarsa ba ce. Amma su ɗin ne kuma suka ce wannan babi yana bin al'adar wuri da zamani. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya lokacin tana da ƙuruciya ba ta yi jiki ba, ta tsere masa. Bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake, ya tsere mata, ya kuma tuna mata na farkon yana murmushi. A wasu ruwayoyin an ce sai da ya umarci sahabbai su yi gaba tukuna. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne cewa girma bai haramta wa mutum wasa ba, illa iyaka yana neman a samar wa wasan muhallin da ya dace da shi. Zauren taya na kirki kuwa ya san haka, ya kuma yi wa faɗuwa nasa ladubba: ba a dariya, ba a tsayawa kallo, mai tsaron daɓe yakan zo ya tsaya ta bayan wanda ya faɗi ya buɗe hannuwa don masu tahowa su kauce, a tambaye shi ko lafiya, a ba shi hannu in yana so, kiɗa kuwa bai tsaya ba. Da yake gwanin da ke juyi a tsakiyar daɓe shi ma yana faɗuwa in yana gwada sabon salo, sai faɗuwar ta daina zama tabo ga kowa. Amma maganar kiɗa da cuɗanyar maza da mata cikin dare, da giyar da wasu zaurukan suke sayarwa, wannan kowa ya san matsayinsa a kai, ba kuwa zan ce masa ya sauya ba. Akwai lokutan rana na iyali, akwai wuraren da suke keɓe sa'o'i ga mata zalla, akwai kuma filin Allah, takalmin dai ɗaya ne.

Waɗannan ladubba ba daga sama suka faɗo ba, kuma a nan ne nake ganin ana tauye wa wasu mutane haƙƙinsu in ana ba da tarihin wannan wasa. Har tsakiyar ƙarni na ashirin, yawancin zaurukan Amurka da ogan ake kaɗa wa masu zamiya, wannan babban abin kiɗa mai bututai irin na majami'u, kuma da yawansu ba sa barin baƙar fata ya shiga, ko kuwa su ba shi dare ɗaya tak cikin mako. Tun cikin shekarun 1940 ƙungiyar CORE mai yaƙi da wariyar launin fata ta yi zanga-zanga a ƙofar zauren White City da ke Chicago saboda haka. A watan Agusta na 1963 wani mutum mai suna Ledger Smith ya ɗaura takalmin taya a Chicago, ya rataya ƙyalle mai ɗauke da kalmar 'yanci a ƙirjinsa, ya yi tafiyar mil 685 cikin kwana goma har birnin Washington, don ya halarci gagarumin taron nan da Martin Luther King ya yi jawabi. Da doka ta hana wariya a fili, sai masu zauruka suka sake mata suna: daren baƙaƙe ya zama "daren manya", ko wani suna makamancinsa, kowa kuwa ya san abin da ake nufi. To, wannan dare ɗaya da aka ba su don a nisanta su, shi suka mayar makaranta. Kowane birni ya fitar da nasa salo, har mai ido yakan gane garin mutum daga yadda yake jefa ƙafa: mutanen Chicago suna da nasu da suka jingina wa kiɗan James Brown, na Detroit suna da zamiyarsu ta gefe, na Atlanta da na St. Louis kowa da irin tasa. Kaka da ɗa da jika sukan haɗu a daɓe ɗaya, kuma a wurinsu ba a taɓa ɗaukar wasan a matsayin na yara ba, balle a ce an girme shi.

Daga cikin wannan jama'a diskon taya ya fito. A da akwai wani zaure a unguwar Crown Heights ta Brooklyn mai suna Empire, wanda aka buɗe a 1941. A 1957 wani sojan sama ɗan Detroit, Bill Butler, ya zo wurin ya tarar ana kaɗa ogan, ya roƙi masu wurin su saka masa faifan jaz, ya nuna musu yadda ake taka rawa a kan taya da irin wannan kiɗa. Shekaru suna tafiya salonsa ya mamaye daɓen, har aka riƙa yi masa laƙabi da uban diskon taya. Cikin shekarun 1970 abu biyu suka haɗu: aka samu sababbin tayoyin roba mai ƙarko waɗanda ba sa ƙara kuma suna kama ƙasa, kiɗan disko kuma, mai bugu ɗaya daidai wa daida wanda ya dace da turin ƙafa dama da hagu, ya cika duniya. Nan da nan taurari suka ruga Empire, mawaƙiya Cher ta yi walima a can a 1979, a shekarar kuma aka buɗe zauren Flipper's a Hollywood, aka fitar da finafinai irin su Roller Boogie, sai Xanadu a 1980. Yayin bai daɗe ba. Flipper's ya rufe a 1981. 'Yan'uwan nan biyu, Scott da Brennan Olson na Minneapolis, suka farfaɗo da takalmi mai tayoyi a layi ɗaya, wanda ya zama Rollerblade, cikin shekarun 1990 ya janye matasa daga zaure zuwa titi. Irinsa ne samari suke sayowa a gwanjo suna yawo da shi a titunan Legas da Abuja da Kano, wani lokaci suna riƙe da bayan mota, abin da ke tayar mini da hankali duk sa'ad da na gani, domin ga gwaninta a ƙafa amma babu daɓen da za a kai ta. Masu yayi suka watse, su kuwa mutanen daren manya suka ci gaba da zuwa kowane mako kamar yadda suka saba tun kafin kowa ya waiwaye su.

A 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, aka rufe wuraren motsa jiki, sai dubban manya suka tuna da takalmin taya. Wani ɗan gajeren bidiyo na Oumi Janta, 'yar asalin Senegal da ta tashi a Berlin, tana rawa a kan taya a tsohon filin jirgin sama na Tempelhof, ya zagaye duniya ta intanet; kamfanonin takalmin irin su Moxi suka kasa biyan buƙatar masu saye, mutum ya biya kuɗi ya jira watanni. A 2022 Liberty Ross, 'yar wanda ya kafa Flipper's na farko, ta sake buɗe shi a dandalin Rockefeller na New York da kuma yammacin Landan. Jaridu suka riƙa cewa wasan ya farfaɗo, tsofaffin masu daren manya kuwa suka amsa cewa a wurinsu bai taɓa suma ba, kuma gaskiyarsu ce. Na yi murna da wannan komowa, gama duk abin da zai ta da mai shekara hamsin daga kujera ya sa shi gumi cikin jama'a yana fara'a alheri ne. Amma murnar tawa ba ta cika ba, saboda sabon mai komowa yakan biya kuɗi mai yawa ya shiga ƙayataccen wuri a tsakiyar birni, alhali zauren unguwa, inda dattijo mai usur yake, shi ne yake mutuwa.

Dalilin mutuwarsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Zauren taya yana cin fili mai faɗi, kuɗin shigarsa kaɗan ne, ga inshora mai tsada saboda masu karyewa. Da zarar ƙasa ta yi daraja a unguwa, sai mai ginin ya ga kantin zamani ko gidajen haya sun fi masa riba. Fim ɗin United Skates, wanda Dyana Winkler da Tina Brown suka fitar a 2018, ya bi diddigin wannan al'amari birni-birni, ya nuna yadda ake jibge 'yan sanda da masu bincike a ƙofa a daren baƙaƙe kaɗai, da yadda wasu zaurukan suke kafa dokar hana ƙananan tayoyin da aka san su wane ne ke amfani da su. Zauren World on Wheels na Los Angeles ya rufe a 2013, sai da mawaƙi Nipsey Hussle ya sa hannu aka sake buɗe shi a 2017. Empire kuwa, inda Bill Butler ya roƙi a saka masa faifai, an rufe shi a 2007, aka mayar da ginin wurin ajiyar kaya na haya. Mutanen garuruwan da suka rasa nasu zauren yanzu sukan cika mota su yi tafiyar sa'o'i zuwa wata jiha don dare ɗaya, ko su haɗu a manyan tarukan shekara-shekara inda kowane birni yake fitowa a kira sunansa ya nuna salonsa. Waɗanda ba su da halin tafiya kuwa sukan nemi filin ƙwallon kwando ko wurin ajiye motoci da babu kowa, su share tsakuwa, su ajiye lasifika a gefe, su sauya tayoyinsu zuwa masu taushi.